Sulen zinaren Babban Bankin Ghana: tambayoyin da mutanen Zango ke yi kafin su saya

Tun da Babban Bankin Ghana ya fito da sulen zinare a ƙarshen 2024 ake ta tambaya a kansa a Kumasi. 'Yan kasuwar Kejetia da Adum na tambaya, masu canji a Alabar na tambaya, haka ma iyayenmu mata na Aboabo da Asawase da suka saba adana abin hannunsu a sarƙa da awarwaro. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da amsoshinsu.

Wai mene ne wannan sulen, kuma wa ya buga shi?

Zinare ne tsantsa da aka buga a siffar sulalla, kuma Babban Bankin Ghana ne ya fitar da shi, shi ne kuma ya tsaya masa. Gwamnan bankin na lokacin, Dokta Ernest Addison, ya sanar da shi ranar 27 ga Satumba 2024, aka fara sayarwa a watan Nuwamba na shekarar. Tsarkinsa kashi 99.99 cikin ɗari ne, abin da maƙeran zinare ke kira karat 24. A fuska ɗaya akwai tambarin ƙasar Ghana, a ɗaya fuskar kuma ƙofar tunawa da 'yancin kai da ke Accra. Ana ba da shi a cikin ɗan mazubi da ake ganin cikinsa, a akwatin katako, tare da takardar shaidar mallaka.

Girma nawa ne?

Uku: oza ɗaya, rabin oza, da kwatar oza. Ozar zinare giram 31.1 ce, ta ɗan fi ozar da ake auna sauran kaya da ita nauyi. Rabi ya kama giram 15.55, kwata kuma giram 7.78.

Zan iya biyan kuɗin kaya da shi a kasuwa?

A'a. Ba kuɗin kashewa ba ne, ajiya ce. Sidi ne kaɗai kuɗin ciniki a ƙasar nan. In kana son kashe shi, sai ka sayar ka karɓi sidi.

Me ya sa Babban Banki ya shiga sayar wa talakawa zinare?

Sai an tuna halin da aka shiga a 2022. A Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, sidi ya zube, sannan gwamnati ta sauya sharuɗɗan bashin da ta ci a cikin gida, masu riƙe da takardun bashinta suka ji a jikinsu. Daga nan duk wanda ya sami rarar kuɗi sai ya ruga neman dala, rububin kuma ya ƙara wa dalar tsada. Da wannan sulen bankin na son jifan tsuntsu biyu: ya janye rarar sidi da ke yawo a hannun mutane, ya kuma ba su wani wurin ajiya da ba dala ba.

Zinaren da za a buga bai yi wuyar samu ba, domin tun Yunin 2021 bankin ke sayen zinaren cikin gida da sidi yana tarawa. Ajiyarsa ta tashi daga ƙasa da tan 9 zuwa sama da tan 30 a ƙarshen 2024. Ba Ghana ce ta fara wannan dabara ba. Afirka ta Kudu na buga Krugerrand tun 1967, Kanada ta fito da nata a 1979, Amurka a 1986, Zimbabuwe kuma ta fitar da nata a 2022 saboda irin matsalar da ta dame mu, wato gudun kuɗin gida.

A ina ake saye?

A bankunan kasuwanci, da sidi. Ba a ofishin Babban Banki za ka je ka tsaya layi ba, ba kuma a shagon kowa ba. An yi shi ne don mazauna Ghana. Ka tafi da Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, wanda tun 2022 shi ne shaidar da bankuna ke karɓa, kuma kuɗin su kasance a asusunka tun kafin ranar. Wanda ya saba ɗaure kuɗi a leda ya shirya amsa tambaya kan inda ya samo su. Wannan ba wulaƙanci ba ne, dokar hana halasta kuɗin haram ce ta wajabta wa bankin. Kafin ka hau mota zuwa Adum, kira reshenku ka ji ko suna yin wannan hidima a nan, da kwana nawa sule ke ɗauka kafin ya iso hannunka.

Wa ke yanke farashin?

Babban Banki ne ke fitar da shi duk ranar aiki a shafinsa na intanet. Abu biyu ake haɗawa: farashin ozar zinare na yammacin jiya a kasuwar Landan, wanda LBMA, ƙungiyar masu cinikin zinare ta can, ke fitarwa da dala, da kuma canjin dala zuwa sidi na jiyan. A kan wannan akwai ɗan ƙari na bugawa da marufi. A al'adar sulallan zinare ko'ina a duniya, ƙarin ya fi nauyi a kan ƙananan, don haka kafin ka sayi kwata huɗu ka ninka farashin ka kwatanta da na oza ɗaya. Amfanin ƙananan shi ne ranar buƙata za ka iya sayar da ɗaya ka bar sauran.

Malam, an ce zinare ba ya faɗuwa. Amma yayana ya saya tun farko, bayan wata shida ya ga farashin ya ragu. Yaya haka?

Wannan ce tambayar da ya kamata kowa ya fahimci amsarta kafin ya fitar da ko sidi ɗaya. Mai sayen wannan sule yana jingina ne da abu biyu a lokaci guda: farashin zinare da dala, da farashin dala da sidi. Ɗaya na iya hawa ɗaya na sauka, abin da ya rage bayan an haɗa su shi ne rabonka.

Ga lissafi na kusa, ba tare da kuɗin bugawa ba. A ƙarshen Nuwamba 2024 oza na wajen dala 2,650, dala kuma na wajen sidi 15.5. In ka ninka, sidi 41,000 da ɗan ɗoriya ke nan. A Yunin 2025 zinare ya hau zuwa wajen dala 3,350, ƙarin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ce mai sule ya yi sa'a. Sai dai a tsakanin Afrilu da Yuni na shekarar sidi ya yi wani irin farfaɗowa da ba a saba gani ba, dala ta sauko zuwa wajen sidi 10.3. Ninka kuma: sidi 34,500. Zinare ya yi tsada a Landan, ya yi araha a Kumasi. Yayanka bai yi kuskuren lissafi ba, kuma ba wanda ya cuce shi. Giram ɗinsa 31.1 na nan yadda ya saye su, sidin ne ya yi ƙarfi.

Daga baya zinare ya ci gaba da hawa har ya haura dala 4,000 a Oktoban 2025, wanda ya yi haƙuri ya ga bambanci. Amma kada wannan ya ruɗe ka, domin ko da dalar ma zinare na faɗuwa. A 2011 ya kai wajen dala 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ya dawo kusan 1,050, sai a 2020 ya sake taka inda ya bari. Wanda ya saya a ƙololuwar 2011 ya jira shekara tara kafin ya ga kuɗinsa.

Saboda haka ra'ayina a fili yake: kuɗin da za ka nema nan da wata shida, ko jarin da kake juyawa a shago, ba na wannan sule ba ne. Na kuɗin da za ka iya mantawa da su ne shekara uku, biyar, ko fiye.

To da shi da dala wanne ya fi?

Mai saro kaya daga Dubai ko Sin dala yake buƙata, zinare ba zai biya masa kwantena ba. Amma mai sayen dala don kawai ya sa a ƙarƙashin katifa, sule ya fi masa ta fuska biyu. Dala ma tana rasa daraja a hankali saboda hauhawar farashi a Amurka, sannan canji a bayan fage ya saɓa wa doka, ga haɗarin jabu. A 2025 masu dala a katifa sun fi masu sule shan kashi, domin su ba su da hawan zinaren da zai rage musu zafi.

Yana kawo riba duk wata?

Ba ya kawo komai. Ba ya haihuwa, ba ya ba da kuɗin ruwa. In ya yi tsada ranar da ka sayar ka ci riba, in ya yi araha ka yi asara. Ga mai gudun riba ta haram wannan ne ma abin sha'awarsa, domin da yawa daga dattawanmu ba sa sayen takardun bashin gwamnati saboda kuɗin ruwan da ke ciki.

Ni Hajiya ce, na saba sayen sarƙa da 'yan kunne in ajiye. Me zai sa in canza?

Hajiya, ba dole ki canza ba, amma ki san abin da kike biya. Sarƙar karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne zinare, ta karat 21 kashi 87.5, ta 22 kuma wajen 91.6. Sauran jan ƙarfe ne ko azurfa da aka haɗa don ta yi ƙwari. Ranar saye kin biya kuɗin ƙira. Ranar sayarwa kuwa kin san yadda ake yi: mai shago zai cire duwatsun, ya goga ta a kan baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a ɗan sikelinsa, sannan ya faɗi farashin da ba ƙira a ciki. Wani lokacin ma sai ya ce karat ɗin bai kai yadda aka gaya miki ba, ke kuma ba ki da abin musu. Sule ba shi da wannan ja-in-ja, nauyinsa da tsarkinsa a rubuce suke, farashinsa kuma kowa na iya gani a waya.

Abin da sarƙa ta fi shi: za ki sa ta ranar biki, kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kayan adon da mace ke sawa ba zakka a kansu. Sule kuwa ajiya ce zalla, zakka na hawa kansa.

Ya halatta a Musulunci? Na ji an haramta wa maza zinare.

Sanya shi aka haramta wa maza, ba mallakarsa ba. Dinare da aka yi ta ciniki da shi tun farkon Musulunci ai sulen zinare ne.

Inda malamai ke tsayawa shi ne sharaɗin hannu da hannu. Musayar zinare da kuɗi dole a karɓa a ba da a zama ɗaya, ba a sayensa bashi, ba a biya yau a ce zinaren sai wani wata. To yaya ke nan idan banki ya cire kuɗi yau, sule ya iso bayan kwanaki? Malaman zamani da dama, ciki har da hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, wadda ta fitar da ƙa'ida kan zinare a 2016, sun yarda da karɓa ta hukunci: idan an ware maka zinaren da sunanka an kuma ba ka shaidar mallaka a ranar, ya wadatar. Wasu sun fi tsanantawa. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka tambayi bankin yaushe mallaka ke komawa hannunka da kuma takardar da za a ba ka ranar biya, ka kai wa malaminku wannan bayani ya yi maka fatawa a kansa. Kada ka je masa da tambaya a dunƙule.

Yaya zakkarsa take?

Nisabin zinare dinare 20 ne, wajen giram 85. In ya shekara a hannunka, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, wato ɗaya cikin arba'in. Oza biyu giram 62.2 ne, ba su kai ba. Oza uku giram 93.3 ne, sun haura, zakkarsu giram 2.33. Ba sai ka gutsure sulen ba, ka duba farashin ranar ka ba da ƙimar da sidi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ce sule ɗaya gare shi don haka ba ruwansa da zakka. Ana haɗa zinare da kuɗin hannu da na banki da ƙimar kayan sayarwa, in jimillar ta kai nisabi zakka ta wajaba. Kuma tunda sulen ba ya kawo kuɗin shiga, daga aljihunka za ka riƙa fitar da ita duk shekara. Ka sa wannan a lissafi tun farko.

Ina tara kuɗin Hajji. In zuba su a nan?

Ya danganta da saura shekara nawa. Kujerar Hajji da sidi ake biya, amma abin da ke ƙarƙashinta dala ce da riyal, shi ya sa take motsi: sidi 75,000 a 2024, sidi 62,000 a 2025. Mai shirin tafiya nan da shekara huɗu ko biyar, sayen kwata-kwata a hankali na iya kare shi idan sidi ya sake zubewa. Mai tafiya baɗi kuwa ya bar kuɗinsa inda zai same su cif ranar da aka buɗe biya.

Ba irin ta Menzgold ba ce?

Tambaya ce mai kyau, domin akwai gidaje a garin nan da har yau ba su warke ba tun da hukumar kula da hannayen jari ta dakatar da harkar Menzgold, kamfanin da ya riƙa karɓar dukiyar mutane da sunan jarin zinare, a Satumban 2018. Bambancin a bayyane yake. Can alƙawarin riba mai tsoka ake yi duk wata. Nan ba a yi maka alƙawarin komai ba sai nauyi da tsarki, kuma abin yana hannunka. Duk wanda ya zo maka da cewa ka kawo sulenka ya juya maka ya riƙa ba ka kaza duk wata, ka riƙe abinka.

Shi ne sulen Otumfuo?

A'a. Sulen tunawa da aka yi don girmama Asantehene, sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II, wanda aka ƙaddamar a Disamba 2021, wani abu ne daban. Farashin da Babban Banki ke fitarwa kullum na sulen Ghana ne kawai.

Wani ya kawo mini ɗaya a Alabar da rahusa, har da akwatinsa. In saya?

Tambayi kanka me zai sa mai zinaren da banki zai karɓa kusa da farashin ranar ya sayar maka ƙasa da haka. Ko na sata ne, ko jabu. Akwatin katako kowane kafinta zai iya yi, takarda kuma kowace na'ura na bugawa. Akwai wani ƙarfe, tangistin, da nauyinsa ya yi daidai da na zinare kusan ba bambanci, in aka lulluɓe shi da zinare sikeli ba ya kama shi, gogawa a dutse ma ba ta kai ciki. In har mai shi na gaskiya ne kuma kana son taimaka masa, ku tafi banki tare.

In na tashi sayarwa fa?

Ta banki za ka mayar, Babban Banki kuma ya ɗauki alƙawarin sake saye. Akwai kuɗin hidima, kuma abin da za a ba ka ba zai yi daidai da farashin sayarwa na ranar ba. Ka tambayi wannan tazara tun ranar saye, ka rubuta. Ka zo da takardar shaidarka. Kada kuma ka fitar da sulen daga mazubinsa don nuna wa abokai, balle gwada shi da haƙori. Zinare karat 24 laushi gare shi, ɗan faɗuwa a siminti na barin tabo, tabo kuma na jawo dogon bincike.

A ina zan ajiye shi?

A nan ne nauyin ya dawo kanka. Kuɗin asusu in wayarka ta ɓata suna nan, sule in ya tafi ya tafi. Gidajenmu na haya, ɗaki ɗaya mutum shida, ga gobarar da ke tashi a kasuwanni, ba wurin ajiye dukiya irin wannan ba ne. Tambayi bankinka ko yana da akwatin ajiya da nawa yake caji a shekara. In gida za ka ajiye, takardar a wani wuri, sulen a wani wuri.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Dattijo ya ɓoye abu don tsoron idon mutane, Allah ya yi masa rasuwa, magada ba su san da shi ba, a bayar da tsohuwar akwati sadaka da zinaren a ciki. Ka sanar da mutum ɗaya ko biyu amintattu, ka rubuta a wasiyya. Sule dukiya ce ta gado kamar gida da shago, za a ƙimanta shi a raba yadda shari'a ta tsara.

Ba zinaren galamsey, wato haƙar da ake yi ba bisa ƙa'ida ba, ba ne?

Babban Banki ya ce daga zinaren da aka san asalinsa aka kuma haƙo bisa ƙa'ida ake buga shi. Wanda ya ga yadda galamsey ya ɓata launin kogin Offin ko Pra yana da hakkin ya ci gaba da tambaya. A 2025 an kafa hukumar GoldBod da doka don ta riƙe saye da fitar da zinaren ƙananan masu haƙa, bin diddigin asalin zinare kuma na cikin aikin da aka ɗora mata.

Zan iya tafiya da shi Najeriya, Nijar ko Saudiyya?

Fitar da zinare daga Ghana na da dokoki masu tsauri, ƙasar da za ka shiga ma tana da nata. Kada ka sa shi a aljihu ka nufi kan iyaka a Aflao ko filin jirgi da tunanin ai naka ne. Ka nemi bayani a rubuce daga bankinka da kwastan tukuna.

Kuɗina bai kai na kwata ba. Za mu iya haɗawa da 'yan adashinmu?

Za ku iya, amma ba ta hanyar sayen sule ɗaya ku ce na kowa ne ba. Takarda sunan mutum ɗaya za ta ɗauka, in aka sami saɓani ko rasuwa sauran ba su da hujja. Ku bar adashin yadda yake, duk wanda ya kwasa ya je ya sayi kwatarsa da sunansa. Sai dai ku sani wanda ya kwasa a Janairu da wanda ya kwasa a Agusta ba farashi ɗaya za su tarar ba, wani kuɗinsa zai yi saura, wani sai ya cika daga aljihu. Ku yi wannan magana a gaban uwar adashi tun ranar zubin farko.